Inda Za Ka Sauka

Panshekara, Kano
14 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga ƙanena Kamilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rahamatu da yara baki ɗaya. Yaya ƙarfin jikin? Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ne, ya kawo ranar da za ka huta da allurar sukarin nan da kake yi wa kanka safe da yamma. Mu nan lafiya muke, sai godiyar Allah. Damina ta yi albarka, ta kuma tafi ba ta rushe mana katanga ba, wanda a layinmu wannan ma abin a yi barka ne. 'Yata Kausar ta sauka lafiya a Gusau, namiji, an mayar da sunan mahaifinmu Baffa Isyaku, ana kiransa Anwar. Na je na yi mata kwana goma na dawo. 'Yar'uwarta Shifa'u tana Abuja da mijinta, duk Juma'a sai ta kira ta tambaye ni ko na ci abinci, kamar ita ta haife ni. Goggo Rabi ta Ɗorayi tana nan da ranta. Idon ne dai ya tafi, amma kunne da baki suna aiki fiye da na da, kuma duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta tambaye shi saura kwana nawa ka iso.

Na san za ka ce me ya kai Yaya rubuta takarda alhali ga waya. A waya kai ne kake magana ni ina to, to, kuma daidai inda zan faɗi abin da ke raina layin yake yankewa, ko kuma muryata ta ƙi. Dakta Bashir abokin aikinka ya zo gaishe ni ranar Asabar, ya ce jibi zai koma Malesiya, shi ne na ce ya biyo ya karɓa. Ka karanta ta kai kaɗai tukuna, in ka ga dama daga baya ka nuna wa Rahamatu.

Mako uku ke nan ɗanka Nabil ya kira ni, da Hausarsa mai tuntuɓe, ya ce Abbansa ya ce in taimaka in je Bompai in duba Otal ɗin Maɗaci, in ga ko yadda yake a hoton intanet haka yake a fili, in ya yi in sa a riƙe maka ɗaki na mako biyu. Yaron ya yi maganar cikin ladabi. Ya ce maganinka sai a firji, na'urar numfashin da kake kwana da ita ba ta son a ɗauke wuta, gwiwarka kuma ba ta tsugunno. Na ce masa to, Allah ya yi albarka.

Abin da ba ka sani ba shi ne, tun ranar da ka ce za ka zo ganin gida bayan shekara goma sha shida, ban zauna ba. Na buɗe ɗakin maigidana marigayi Malam Tijjani, wanda tun rasuwarsa ban bar kowa ya kwana a ciki ba, na sa aka yi masa fenti aka sake silin. Na sa aka fasa bayin aka sa na zama, da ƙarfen dafawa a bango. Mijin Shifa'u ya turo masu sola suka ɗora a kan rufi, aka kawo ɗan firji. Ban gaya maka ba ne don so nake ka shigo ka gani da idonka. Bakin nan nawa da ka sani kuwa bai bar kowa ba. Matan Islamiyya sun sani, mai kayan miya na bakin titi ya sani, liman ma ya ce zai shigo da kansa ya gaishe ka. Ka san gidanmu na Dakata an sayar an raba tun bayan Inna. Duk faɗin Kano babu sauran wata ƙofa da za a nuna a ce nan ne gidansu Kamilu sai tawa. In mutum ya dawo daga tafiya, abin da ake fara tambaya shi ne ina ya sauka. Na yi ta juya amsar da zan bayar: a otal, ga yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya zaune ita kaɗai a gida mai ɗaki biyar. Saboda haka ba zan ɓoye maka ba, da na shirya zuwa Bompai laifi na tafi nema.

Kai kana ƙarami lokacin da otal ɗin yake tashe, bari in tuna maka yadda Baffa yake ba da labarinsa. Wani Kwara, Balarabe mai sayen gyaɗa, shi ne ya gina shi tun kafin 'yancin kai, ɗaki goma sha biyu kacal a jere, don Turawan kamfani da matuƙan jirgin sama da ke kwana a Kano kafin su wuce. Shi ya dasa itatuwan maɗacin da suka ba wurin suna. Bayan yaƙin basasa gwamnati ta karɓa ta ɗora bene hawa uku a gefe. Da masana'antu suka cika Bompai suka tsallaka Sharaɗa da Challawa, Baffa ya ce sai mutum ya yi wata guda yana jiran ɗaki, don Indiyawa da 'yan Sin masu haɗa injinan masaƙa da na roba sun cika ko'ina, ga dillalan fata, ga manyan ma'aikata masu zuwa taro. Su manyan nan da alhazan birni ba sa yarda a ɗora wa shaddarsu dutsen guga, sai bugu. Shi ya sa otal ya ɗauki Baffa, aka yi masa rumfa a bayan kicin, da gungumensa da mabugansa, ya yi shekara talatin da ɗaya yana bugun rigunan mutane. Da wannan bugun aka ciyar da mu, da shi ka yi boko. Amma a gidanmu otal wurin neman abinci ne, ba wurin da 'ya mace take taka ƙafa ba. Kai an taɓa kai ka sau biyu da salla, ni ko sau ɗaya. Rabona da shi 'yan guntayen sabulan da baƙi suke bari, da labari. Ga ni da shekara sittin da huɗu, sai a dalilinka na ga wurin.

Ranar Talata na sa mayafina na fita biki, na hau a-daidaita-sahu zuwa Bata, daga can na sake wata zuwa Bompai. A hanya na yi ta ƙirga ƙofofin kamfanonin da ciyawa ta cinye, har na gaji na daina. Da muka kusa sai na ce wa direba ya shiga ɗan titin gefe ya sauke ni a ƙofar da ke kusa da famfo, don ita kaɗai na sani a bakin Baffa, kuma wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wata ba. Mai gadi ya dube ni sama da ƙasa ya tambaye ni ko kayan miya na kawo, in kuwa aikin wanke-wanke nake nema an ɗauka tun jiya. Ni da na yi shekara talatin da uku ina koyarwa a firamare! Na ce masa ɗaki na zo kamawa, na farfesa ne daga Malesiya. Bawan Allah ya miƙe har hularsa na faɗuwa, ya yi ta ba da haƙuri, ya ce in zo ya zagaya da ni ta babbar ƙofa. Na ce ai na riga na shigo. Haka na bi ta bayan ɗakin janareta, na ratsa masu yanka albasa, na tura wata ƙofa na tsinci kaina a tsakiyar zauren karɓar baƙi, kowa ya juyo yana kallon tsohuwar da ta ɓullo daga kicin. Ina ganin kafet na cire takalmana na riƙe a hannu. Matar da ke teburin, Hindatu sunanta, sa'ar Shifa'u ce, ta zagayo ta gaishe ni har ƙasa, sannan ta raɗa mini cewa in mayar da takalmina, nan ba a cirewa.

Ita ta zagaya da ni, kuma na ba ta wahala. Ta ce ɗaki tamanin da huɗu ne yanzu, tun da wani kamfani ya saya ya gyara shekara uku da suka wuce. Ta ce mu hau lif in ga na sama. Na hau, cikina ya tsaya a ƙasa, na karanta abin da ya zo bakina. Makullin ɗaki ba makulli ba ne, kati ne ake karawa ƙofa ta buɗe. Ina shiga na sa yatsa a saman durowa da bayan talabijin, irin yadda masu duba makarantu suke yi mana a da, yatsan ya fito fes. Na ɗaga zanin gado na leƙa katifa. Na murɗa famfo, ruwan zafi ya kusa ƙona ni. Bayin na zama ne, da ƙarfen dafawa guda biyu, nawa ɗaya ne. Ga firji, ga darduma a ninke, ga kibiya a silin tana nuna alƙibla. Na tambayi wuta, ta ce janareta biyu ne da sola, in an ɗauke kafin ka ƙifta ido ta dawo. Allah da ikonsa muna tsaye aka ɗauke, kuma kafin in gama murna ta dawo. Akwai nas da ke zama a wurin dare da rana, da motar da ke ɗauko baƙi daga filin jirgi. Mashayar nan da Baffa yake tofar da yawu in ya ambace ta, yanzu shayi da zoɓo da kunun aya ake sayarwa, kuma daura da ita masallaci ne mai ɓangaren mata. Kwamin wankan da muke jin labarin Turawa suna shiga an kewaye shi, mata da lokacinsu maza da nasu. Ta nuna mini ɗakin taro mai cin mutum ɗari biyar, ana jera kujerun wani biki. Na ce ban yarda ba sai na ɗanɗana abincinsu, aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka. Awa biyu ina bincike, laifi biyu na samu: miyar ba ta ji daddawa ba, tagogin bene kuma ba sa buɗuwa. Na san ko a gaban alƙali wannan ba zai hana mutum ɗaki ba.

Da za mu sauko na tambaye ta inda rumfar bugu take. Ba ta taɓa jin an yi bugu a otal ɗin ba, amma ta ce akwai wani dattijo mai kula da furanni da ya riga kowa zuwa, Malam Sule, aka kira shi. Kamilu, mutumin nan yana ganina ya tsaya cak, ya ce ko a kasuwar Kurmi ya ga wannan goshin ya san na Malam Isyaku ne. Ashe yana saurayi shi yake kama wa Baffa mabugi na biyu in aiki ya yi yawa. Ya kai ni wurin. Rumfar babu ita, an yi ɗakin motsa jiki, na leƙa na ga wani mai tumbi yana gudu a kan inji bai je ko'ina ba. Amma gungumen yana nan a gindin maɗaci, direbobi suke zama a kai in suna jiran iyayen gidansu. Bayansa ya yi sumul saboda bugu. A kai na zauna, shi ya tsuguna a gefe ya ba ni sauran tarihin da Baffa bai kai ga gani ba: yadda masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, baƙi suka ɗauke ƙafa, sai a yi mako da mutum uku a otal ɗin gaba ɗaya, kwaɗi suka gaje kwamin wanka, jemagu suka gaje ɗakin taro. Ya ce shi dai bai daina ba itatuwa ruwa ba, don bai san inda zai je da safe ba in ba nan ba. Na gane abin da yake nufi sarai.

Sannan ya gaya mini abin da ya sa na sauya shawara. Ya ce shekara talatin da ɗaya Baffa bai taɓa bi ta babbar ƙofa ba, ko da an aike shi da riga ɗakin baƙo sai ya zagaya. In an tambaye shi sai ya ce wannan ƙofar ta baƙi ce, kuma yana da yaro Kamilu da ke karatu, wata rana ta nan zai shigo a ɗauki jakarsa, ranar kuwa shi da hannunsa zai buge masa riga. Ya ce ya faɗa ya maimaita har ma'aikata suka sa masa suna Baban Baƙo, yana amsawa yana dariya. Ban taɓa jin wannan ba, ko a bakin Inna. Kai ma na san ba ka sani ba, don da ka sani da ka faɗa wa Nabil ya gaya mini. Na kasa haƙuri na tambaye shi ni fa, me Baffa yake cewa a kaina. Dattijon ya daɗe yana tunani, yana so ya samo mini wani abu, daga ƙarshe ya ce Malam Isyaku ba ya kawo zancen mata wurin aiki, ya dai san yana da 'ya. Na yi dariya na ce halinsa ke nan. Ban yi kuka a gabansa ba, sai a cikin a-daidaita.

Na koma wurin Hindatu na ce ta riƙe maka ɗaki. Ban zaɓi na bene ba. Na zaɓi mai lamba tara a tsohon jerin nan na Kwara, a ƙasa yake babu hawa, tagarsa tana buɗuwa, kuma itatuwan yake kallo. Ta ce Nabil ya kira ta su ƙarasa sauran. Ta so ta raka ni babbar ƙofa ta tsayar mini da abin hawa, na ce a'a, ta inda na shigo zan fita. Ta gaban na bar maka.

Na iso gida da la'asar, na buɗe ƙofa na yi sallama kamar kullum, kaji suka amsa. Ka san da, a layin nan da jiniyar masana'antun Challawa muke sanin lokaci. Ta yi kuka maza su fito da kekuna, ta sake yi su dawo suna warin fata, Malam Tijjani a cikinsu, zaurenmu cike da 'yan ƙauyen da ya kwaso masu neman aiki, ina tuƙa tuwo a tukunyar da sai mutum biyu ke sauke ta. Yanzu a 'yar tukunyar shayi nake dafa shinkafa, kuma sai ta kwana. Rediyo nake bari a kunne don in ji ana magana a gidan, har gardama nake yi da shi. 'Ya'yana sun ce in koma wurinsu, na ce in na rufe ƙofar nan ina Kamilu zai zo. Ban taɓa gaya maka haka ba, don ba na son in ɗora maka nauyi kana ƙasar mutane, amma kaɗaici yana damuna, Kamilu. Wata biyun nan da na yi ina faɗa da masu fenti da masu sola, rabona da jin daɗi irin wannan tun Malam yana da rai.

To ga abin da na yi, kuma da gangan na yi, ba mantuwa ba ce. Jirginka Juma'a zai sauka, ashirin da biyu ga watan gobe. Ɗakin daga Asabar na sa aka riƙe. Otal ɗin ya fi gidana komai, na gani da idona, ba zan yi maka ƙarya don son raina ba, kuma ba ni zan tare ƙofar da Baffa ya yi shekaru yana jira ka shiga ba. Kwana goma sha uku naka ne da shi. Ɗaya nake roƙo, na farko. A nan inda aka fara sauke kayan mutum nan ne masaukinsa, ko da gobe ya tashi ya koma wani wuri. Na tambayi mai sola, ya ce in batir ya cika kuma aka kashe komai, zai riƙe na'urarka da firjin har gari ya waye, na ce masa ni fitilar hannu ma ta ishe ni. Goggo Rabi ko ɗaure ta aka yi ba za ta shiga otal ba, amma ta ce a ɗauko ta tun safiyar Juma'a ta jira ka a nan, tana so ta shafa fuskarka tun da ba za ta gan ta ba. Ka ci tuwona, matan layi su shigo da kwanukansu, liman ya yi addu'a, ka kwana. Da safe ni da kaina zan sa a kira mota.

In kuma kai da likitanka kun ga ba zai yiwu ba, lafiyarka ce gaba. Lambar Hindatu tana bayan takardar nan, ta ce ɗakin babu kowa ranar Juma'ar, kira ɗaya ya isa ta ƙara maka kwanan. Na so in rubuta cewa ba zan ji komai ba, amma ka san ni. Zan ji, zan kuma huce, in zo in same ka can da kwanon miya mai daddawa.

Ka gaishe mini da Rahamatu da kyau, ka ce ina yi mata sannu da jinya, Allah ya ba ta lada. Ka gaishe da Nabil, ka ce ban ga laifinsa ba, aike aka yi shi, da Mubarak da 'yar auta da har yau a hoto kawai na san ta. Kausar da Shifa'u da mazajensu suna gaishe ka, haka Goggo Rabi. Malam Sule ma ya ce lallai in isar da gaisuwarsa. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa mu gana da alheri, ya jiƙan Baffa da Inna da Malam.

Har yau ban sake wa mutanen layi magana ba. Duk wanda ya tambaya, cewa nake a wurina za ka sauka. Ka aiko mini da amsa in san ko gaskiya nake faɗa.

Yayarka,
Safiyatu Isyaku